Yadda Ake Ɗaukar Hoto da Kyamarar Fim, a Wanke a Gida, a Kuma Samu Abokan Harka

Kafin waya ta zama kyamarar kowa, hoto sai an je situdiyo ko an kira mai hoto gida, ya ɗauka, ya ce a dawo jibi. Abin da ke cikin kyamararsa fim ne, wata siririyar leda da aka shafe da sinadarin azurfa, wadda haske ke taɓawa ya bar alama. Harkar ba ta mutu ba. Kamfanin Kodak ya durƙushe a 2012 har sai da ya nemi kariyar kotu, amma har gobe ana yin fim mai sunansa. Ilford na yi a Ingila, Foma na yi a ƙasar Cek, a 2024 ma Pentax ya fito da sabuwar kyamarar fim.

Mu a nan abin da ke karya gwiwar mai farawa uku ne: wuraren wankin fim sun yi ƙaranci, ga zafi, ga ƙura. Shi ya sa nake ba kowa shawara ɗaya. Ka fara da fim baƙi da fari, ka koyi wanke shi da hannunka, kuma ka nemi mutane tun ranar farko, don kayan nan sun fi sauƙi idan an haɗa kai.

Kayan aiki

Na ɗauka: kyamarar fim mai 35mm da lens 50mm, fim naɗi biyu, batir idan kyamarar na buƙata, ɗan littafi da biro, da tsumma mai laushi.

Na wanki: tankin wanki mai kwarkwaro (abin da ake naɗa fim a kai a cikin tankin), irin na Paterson, dibelofa (ruwan da ke fito da hoto a jikin fim), fiksa (ruwan da ke tsayar da hoton don kada haske ya ƙara taɓa shi), ma'aunin zafi, kofin awo mai layin mililita, sirinji, almakashi, mabuɗin kwalba, safar hannu, filogin shanya, ƙanƙara, da jakar duhu ko ɗakin da haske ba ya shiga.

A wajen kyamara, ka nemi wadda ke aiki ko babu batir. Pentax K1000, wadda aka yi daga 1976 zuwa 1997, ita ce ta ɗalibai a duk duniya. Batirinta LR44 ne, kuma mitar da ke auna haske kawai yake ciyarwa. Nikon FM2 da Yashica FX-3 ma haka suke. Zenit ta zamanin Tarayyar Sobiyet nauyi gare ta, amma tana da juriya kuma ba ta da tsada. Canon AE-1 kyamara ce mai kyau, sai dai idan batirinta mai bolt 6 ya mutu ko motsi ba ta yi. Olympus OM-1 kuwa an yi mitarta ne don wani tsohon batir da aka daina yi, don haka ka san da wannan kafin ka saya.

A wajen fim, Ilford HP5 Plus 400 ko Kentmere ko Fomapan duk sun isa koyo. Lambar da ke jikin kwali, wato ISO, tana nuna yadda fim ke jin haske: 100 na son rana, 400 na iya aiki a inuwa da cikin rumfa. Naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36.

1. Duba kyamara kafin ka biya kuɗi

Kyamarar da ta shekara 40 ba a sayen ta da ido kawai. Ka ja mariƙin naɗewa sama, murfin baya zai buɗe. Ka cire lens, ka ɗaga kyamarar wajen haske, ka ja liba, wato hannun da ke tura fim gaba, ka danna maɓalli a kowane gudu, daga daƙiƙa 1 har 1/1000. A daƙiƙa 1 ya kamata ka ji shota, wato labulen da ke barin haske ya shiga, ta buɗe, ta ɗan jira, ta rufe. Idan ta maƙale ko ta ja lokaci, tana buƙatar gyara. Kada yatsanka ya taɓa labulen shotar, siriri ne ƙwarai.

Ka shafa soson da ke gefen murfin. Idan ya narke yana manne wa yatsa kamar kwalta, haske zai riƙa satar hanya yana ɓata hotuna. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne: a kankare shi da tsinke, a manna baƙin zaren ulu ko siririn baƙin soso. Idan ana sauri, baƙin salatif na masu wayarin a zagaye bakin murfin ma yana tarewa. Ka haska tocila cikin lens. 'Yar ƙura ba komai, amma idan ka ga wani abu mai kama da saƙar gizo a jikin gilashi, fumfuna ce, ka bar shi. Daga ƙarshe ka buɗe gidan batir. Idan ya yi kore ko fari, auduga da ɗan ruwan tsami na binega kan wanke shi.

2. Ajiyar fim

Ka ɗauki fim kamar nono: wuri mai sanyi yake so. Firji ya fi, a cikin robarsa, a leda mai rufewa. Idan ka fito da shi ka bar shi awa ɗaya ko biyu kafin ka buɗe, don kada raɓa ta kwanta masa. Inda wuta ba ta tsayawa, ka ajiye shi a ƙasan akwati a ɗaki mafi sanyi. Abin da ba a yi sam shi ne barin fim ko kyamara a cikin mota da rana. Idan wani zai taho maka da shi ta jirgi, ya sa a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu, domin sababbin injinan bincike na filin jirgi suna dusashe fim. Wanda kwanan watansa ya wuce yana aiki, amma yana buƙatar ƙarin haske. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

3. Sa fim

A inuwa ake yi. Ka buɗe murfi, ka sa gwangwanin a hagu, ka mayar da mariƙin ƙasa. Ka ja harshen fim zuwa dama, ka cusa shi a tsagar sandar da ke naɗewa, ka ja liba sau ɗaya ka ga haƙoran sun shiga ramukan gefen fim sama da ƙasa. Ka rufe, ka ja ka danna sau biyu har lamba ta kai 1.

Ga inda masu farawa ke asarar naɗi guda: fim bai kama ba, suna ta ɗauka a banza. Alamar ita ce mariƙin hagu. Duk sanda ka ja liba dole ya juya. Idan bai juya ba, fim ba ya tafiya. Sai ka saita lambar ISO a kan kyamara daidai da ta kwali, ka yago bakin kwalin ka manna a baya don tuni.

4. Auna haske

Abu biyu ke hannunka. Na farko ƙofar lens, masu lambobi 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Ƙaramar lamba babbar ƙofa ce. Na biyu gudun shota, 30, 60, 125, 250, 500, 1000, inda 125 ke nufin kashi ɗaya cikin 125 na daƙiƙa. Matsawa mataki ɗaya a kowannensu yana ninka haske ko ya raba shi biyu. Don haka 16 a kan 125 daidai yake da 11 a kan 250, ko 8 a kan 500.

Idan mita ta mutu, akwai ƙa'idar da masu hoto suka daɗe suna aiki da ita. A rana tsaka, ƙofa 16, gudu kuma lambar da ta fi kusa da ISO: 125 ga fim 100, 500 ga fim 400. Da hazon hunturu ko gajimare mai sauƙi, 11. Hadari ya haɗu, 8. Inuwar bishiya ko gindin katanga, 5.6. Cikin rumfar kasuwa, 4 ko ƙasa da haka. Akwai manhajojin waya da ke auna haske, kuma suna taimakawa.

A nan zan ɗan tsaya, domin littattafan da aka rubuta a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba. Ka ɗauki dattijo da farar babbar riga da rawani, yana tsaye a rana ranar Juma'a. Mita za ta ga farin ya cika ido, ta ce a rage haske. Ka bi ta, rigar ta fito da aikinta tsaf, fuskar kuwa ta zama baƙin dunƙule, babu ido babu gemu. Maganinsa ka matsa kusa ka auna fuskar ita kaɗai, ko ka ƙara buɗe ƙofa mataki ɗaya ko biyu a kan abin da mita ta ce. Fim na jure haske ya yi yawa fiye da ya yi kaɗan. Abin da bai shiga ba tun farko, babu wankin da zai fito da shi. Mafi kyau ma ka roƙe shi ya koma inuwar zaure ko bakin ƙofa, inda haske ke zuwa daga gefe. Ni dai hoton mutum tsakanin ƙarfe 11 da 3 ba na son sa. Hantsi da bayan la'asar sun fi fito da fata da kyau.

Idan a hannu kake riƙe da kyamara, kada ka sauka ƙasa da 60, hoton zai girgiza. Mahaya a guje, irin na hawan Sallah, 500 ko 1000 suke so. Ka juya zoben fokas har idon mutum ya fito sarai, ka manna gwiwar hannu a jiki, sannan ka danna a hankali. Kowane hoto ka rubuta lambarsa da ƙofa da gudu a littafi. Wannan littafin shi zai koya maka fiye da kowa idan an wanke.

5. Cire fim

Da ka ji liba ta ƙi tafiya, fim ya ƙare, kada ka tilasta ta ya tsinke. Ka danna ɗan maɓallin ƙasan kyamara, ka juya mariƙi yadda kibiya ta nuna har ka ji ya saki, sannan ka buɗe.

6. Sa fim a kwarkwaro cikin duhu

Wannan kaɗai ne aikin da ke buƙatar duhu sosai. Ka fara gwadawa a haske da mataccen fim, ido buɗe, sannan ido rufe, har hannu ya san hanya. Idan ba ka da jakar duhu, da dare ka shiga ɗaki ko banɗaki, ka toshe ƙasan ƙofa da taga da bargo, ka zauna minti 5. Idan bayan haka kana iya ganin tafin hannunka, duhun bai isa ba. Waya da agogo mai haske su tsaya a waje.

Ka jera kayan yadda za ka lalubo su. Ka ɓalle murfin gwangwani da mabuɗin kwalba, ka zaro fim, ka yanke harshen, ka ɗan rage kaifin kusurwoyinsa. Ka cusa bakin a ƙofar kwarkwaro, ka riƙa murza ɓangarorin biyu gaba da baya, zai riƙa shiga da kansa. A ƙarshe ka yanke, ka zura kwarkwaron a sandar tsakiya, ka sa a tanki, ka rufe har ya yi ƙas. Kada ka manta sandar nan, ita ke tare haske.

Babban abokin gaba a nan gumi ne. Kwarkwaron roba idan ya ji laima ko kaɗan, fim zai maƙale. A bazara ka yi aikin bayan asuba, ka goge hannu, kuma idan ya maƙale ka buɗe kwarkwaron ka sake daga farko, kada ka tura da ƙarfi.

7. Wanki

Daga nan a haske ake komai. Dibelofar da nake so ga mai farawa ita ce Rodinal, wadda ake yi tun 1891. Ruwa ce mai kauri, kwalba ƙarama na daɗewa ba ta lalace ba, kuma kaɗan ake ɗiba. Tana cin fata, ka sa safar hannu, ka nisanta ta da yara da kayan abinci. Tankin Paterson na cin mililita 290 ga naɗi ɗaya, don haka ka auna ruwa 300 ka zuba Rodinal 6 da sirinji. Fiksa irin Ilford Rapid Fixer kashi 1 ce a ruwa kashi 4.

Lokutan da ke jikin kwali an tsara su ne a kan digiri 20, ruwan famfonmu kuwa a watan Afrilu ya kan haura 30. Ka tsoma kofunan a roba mai ruwa da ƙanƙara har su sauko. Ruwan randa da safe ma yana rage aiki. Idan 20 ta gagara, ka yi a 24 ka rage lokaci, kusan kashi 10 cikin 100 ga kowane digiri. Abin kiyayewa shi ne duk ruwan da zai shiga tanki ya zama zafinsa kusan ɗaya. Fim ya fito daga sanyi ya faɗa ɗumi, fuskarsa sai ta yamutse.

HP5 a wannan haɗin minti 11 ne a digiri 20, ko bakwai da rabi zuwa takwas a 24. Ka zuba dibelofa, ka kunna agogo, ka rufe, ka kifa tankin ka miƙe sau 4, ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki. Ka maimaita a farkon kowane minti. Lokaci ya cika, ka zubar. Ka cika da ruwa, ka kifa na rabin minti, ka zubar, sau biyu. Sai fiksa, minti 5, da irin wancan kifawar, ka mayar da ita kwalbarta don ana sake amfani da ita. Ka rubuta suna a jikin kowane kofi. Wanda ya fara zuba fiksa ya wanke hotunansa gaba ɗaya, ba sa dawowa.

Ɗauraya ba ta buƙatar famfo. Ka cika tanki ka kifa sau 5 ka zubar, ka sake sau 10, ka sake sau 20. Ruwan rijiya da na burtsatse kan bar farin tabo, don haka na ƙarshe ka yi da tataccen ruwa ko ruwan leda, da ɗigo ɗaya na sinadarin hana tabo idan akwai.

Idan dibelofa ta yanke, ana haɗa ta da kayan kanti: a ruwa lita 1, sodar wanki giram 54, garin bitamin C giram 16, kofi mai narkewa giram 40, a narka su bi da bi a wannan jerin, a wanke kimanin minti 15. Sodar wanki fa, ba bakar hoda ba. Fiksa kuwa ba ta da madadi a kicin. Sai dai masu sayar da kayan asibiti kan ajiye fiksar hoton ƙashi, kuma tana aiki. Ko wacce ka samu, ka gwada ta da harshen da ka yanke: ka tsoma, ka ga minti nawa ya ɗauka ya zama garau, ka ninka lokacin biyu. Ranar da ta fara ɗaukar ninkin lokacinta na farko, ta gaji. Tsohuwar fiksa na ɗauke da azurfa, kada a zuba ta kusa da rijiya ko inda dabbobi ke sha.

8. Shanya da karanta nagetif

A banɗaki ake shanya, bayan an watsa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Filogi ɗaya sama, biyu ƙasa don nauyi, a rufe ƙofa, ba fanka, awa biyu zuwa uku. A hunturu ka ƙara kula, ƙurar da ta manne wa jiƙaƙƙen fim ta zauna ke nan. Ya bushe, shi ne ake kira nagetif, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari. Ka yanka shida-shida ka sa a ledar ajiya ko tsakanin farar takarda mai tsabta.

Rubutun da ke gefen fim shi ke gaya maka inda matsala take. Rubutu ya fito, hoto babu: laifin kyamara ne ko fim bai kama ba. Babu rubutu babu hoto: laifin wanki ne. Ko'ina baƙi ƙirin: haske ya shiga. Fari-fari kamar madara a tsakiya: fiksa ba ta gama ba, ka mayar. Hotuna sun yi shara-shara: haske ya yi kaɗan, ka koma littafinka.

Don ganin hoton, ka buɗe farin shafi a allon kwamfuta ko wata wayar, ka riƙe nagetif ɗan nesa da allon, ka ɗauka da waya, ka juya baƙi ya koma fari a manhaja irin Snapseed. Wannan ya isa a tura wa mutane. Wanda za a buga babba, a nemi mai sikana ko mai kyamarar dijital da lens na kusa, sannan a kai wa masu buga hoto.

Fim mai kala wankinsa daban ne, a digiri 38 ake yi, kuma ba ya yafe kuskuren zafi. Kafin ka saya, ka tabbatar da inda za a wanke maka.

9. Neman abokan harka

Ka fara da tsofaffin masu situdiyo na garinku. Mutanen nan sun shekara da shekaru suna wanke fim a cikin zafin nan namu, sun san dabarun da ba a rubuta ba, kuma da yawansu na da tanki ko kyamara ko injin buga hoto a ajiye. Kada ka shiga da maganar ciniki. Ka yi sallama, ka gaisa, ka ce, “Baba, koyo nake yi, ga abin da na wanke, a duba mini.” Ka miƙa masa nagetif. Zai ɗaga shi wajen haske ya gaya maka abin da ya faru tun kafin ka buɗe baki. Idan ya koya maka, ka riƙa zuwa da ɗan alheri, ka kuma tambaye shi tsofaffin nagetif ɗinsa. Yawancinsu na lalacewa a kwalaye, alhali tarihin gari ne: bukukuwa, naɗin sarauta, 'yan makaranta. Irin wannan ajiyar ce ta fito da Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, da Philippe Koudjina na Yamai, da James Barnor na Ankara ta ƙasar Gana, duniya ta san su. A Najeriya J. D. 'Okhai Ojeikere ya ɗauki hotunan kitso kusan 1000 da fim baƙi da fari. Ku nemi aikinsu ku kalla tare.

Sai sassan zane da aikin jarida na manyan makarantu, irin ABU Zariya da BUK, inda ba a rasa ɗalibi ko malami mai wannan sha'awa. A Instagram ma, idan ka sa hoto ka rubuta sunan kyamara da fim da gari, masu irin ra'ayinka za su neme ka. Kyamarar kanta a wuya tana jawo hira a hanya.

Idan kun kai uku ko huɗu, ku sa ranar fita. Ku zaɓi wuri ɗaya, misali marinar Ƙofar Mata ko gindin Dala a Kano, ku haɗu da hantsi, kowa naɗi ɗaya. Kada ku wuce mutum shida, taro na tsorata mutane. Ku fara gaida masu wurin, ku nemi izini kafin ɗaga kyamara, musamman ga mata da yara, wanda ya ce a'a ku gode masa ku wuce. Bariki, shingen jami'an tsaro da gine-ginen gwamnati ku bar su. Wanda kuka ɗauka kuwa ku koma masa da kwafi a takarda. Wannan ke buɗe muku ƙofa karo na biyu. Idan akwai mata a cikinku, ku sa lokaci da wurin da zai yi musu daidai, domin su ke iya shiga cikin gida da wajen kamu da lalle, inda namiji ba ya kaiwa.

Mako na gaba ku haɗu a gidan ɗayanku ku wanke tare, ku baza nagetif, kowa ya karanto abin da ya rubuta a littafinsa. Ku yi karo-karo ku sayi dibelofa da fiksa da tanki ɗaya, ku haɗa odar fim don kuɗin aike ya ragu, a sa mutum ɗaya ya riƙe lissafi a rubuce. Aron kyamara ma a rubuta, da yanayin da aka karɓe ta. Ranar 19 ga Agusta ita ce ranar hoto ta duniya, tunawa da ranar da aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a shekarar 1839, kuma ta dace da ƙaramin baje koli: kowa ya buga hotuna biyar, a jera a bangon aji ko shago, a gayyato tsofaffin masu situdiyon da waɗanda aka ɗauka su zo su gani.